Jirgin Alhaji ko jirgin fasinja: ina matashin matuƙi zai dosa?

Wanda ya buɗe manhajar Flightradar24 a wayarsa yana zaune a Badarawa zai ga ƙananan hotunan jirage masu ruwan ɗorawa suna rarrafe a kan taswira. Yawancinsu ba Kaduna za su sauka ba, wucewa suke yi tsakanin Abuja da Kano, wasu kuma su miƙe arewa su tsallaka Sahara. Idan aka taɓa ɗaya sai ya nuna sunan kamfani, lambar tafiya, inda ya taso da inda za shi. Amma jefi-jefi akan taɓa wani a ga babu sunan kamfani, babu inda ya nufa, sai samfurin jirgin kawai da tsayin da yake kai, wani lokacin har ƙafa 45,000, can sama da sauran. Irin wannan shi ne jirgin alfarma, wanda ake cewa jirgin Alhaji, ko na Oga.

Dukkansu mutane ne ke tuƙa su, da lasisi iri ɗaya a aljihu. Sai dai a TikTok da Instagram na alfarmar ne ya fi ɗaukar ido: kujerun fata, jan kafet, matuƙi da farar riga yau yana Dubai gobe yana Landan. Shi ya sa matashin da ke mafarkin tuƙin jirgi yakan fara da tambayar wanne zai zaɓa. Maganar gaskiya, wanda ya fito daga makaranta ba kasafai ake ba shi wannan zaɓin ba. Ƙofar jirgin alfarma daga baya take buɗewa, kuma abin da ke bayanta ya sha bamban da abin da bidiyon daƙiƙa talatin ke nunawa.

Hanya ɗaya ce har zuwa Zariya

Ɗan Badarawa yana cikin masu sa'a ta fuskar wuri. Daga tashar Kawo zuwa Zariya tafiyar kimanin kilomita 80 ce, kuma a can ne Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Najeriya take, wato NCAT, wadda aka kafa a 1964 da tallafin Majalisar Ɗinkin Duniya. Akwai wata a Ilori ta gwamnatin Kwara, masu hali kuma sukan tafi Afirka ta Kudu ko Amurka. Ba a buƙatar digiri kafin a fara. Abin da ake nema shi ne sakamako mai kyau na sakandare, musamman a Turanci da lissafi da fiziks, da lafiyayyen jiki, da kuɗi. Kuɗin miliyoyi ne, kuma duk lokacin da dala ta tashi yakan bi ta, domin man jirgi da kayan gyara duk farashinsu da ita yake tafiya. Mata ma hanyar a buɗe take gare su: Kyaftin Chinyere Kalu, mace ta farko da ta zama matuƙiyar jirgin kasuwanci a Najeriya, a Zariya ta koya, daga baya ta shugabanci kwalejin.

Lasisin hawa uku ne, bisa ƙa'idar hukumar jiragen sama ta duniya, ICAO, wadda hukumar Najeriya ta NCAA ke bi. Na farko PPL, ana samunsa da kimanin awa 40 a sama, kuma mai shi ba zai karɓi ko sisi a kan tuƙi ba. Na biyu CPL, wanda ke halatta wa mutum cin abinci da sana'ar, yana buƙatar awa 200, ko 150 idan a tsararren kwas na makarantar da aka amince da ita ne. A tsakani ana ƙara shaidar tuƙi da na'urori kaɗai, wato lokacin da ba a ganin komai ta taga, da shaidar tuƙa jirgi mai inji biyu. Na uku shi ne ATPL, lasisin da ake zama kyaftin ɗin jirgin fasinja da shi: awa 1,500 da shekara 21 aƙalla.

Akwai hanya ta biyu da ta fi kusa da Badarawa ma, domin tsohuwar harabar NDA maƙwabciyar unguwar ce, sansanin sojan sama na Mando kuma, inda makarantar koyon tuƙi ta soja take, ba nisa. Gwamnati ce ke biyan horon. Amma wanda ya bi ta nan soja ne kafin ya zama matuƙi, zai yi shekaru yana bauta wa ƙasa, kuma ba shi zai zaɓi jirgin da zai tuƙa ba. Da yawa daga masu tuƙa manyan mutane a yau ta nan suka biyo, bayan sun ajiye kaki.

Lasisi a hannu, aiki babu

A nan ne mutane da yawa ke cin tuntuɓe. CPL ba ya ba mutum damar hawa Boeing 737 ya tayar. Kowane babban jirgi yana da tasa shaidar ƙwarewa daban, wadda matuƙa ke kira taif-retin. Makonni ake yi ana karatun samfurin jirgin guda ɗaya, injinsa, wutarsa, abin da za a yi idan kaza ya lalace, sannan a shiga simuleta, wani ɗaki mai motsi da aka ƙera daidai da ɗakin tuƙin jirgin, a riƙa kashe wa mutum inji ana kunna masa gobara har sai hannunsa ya faɗa. Da dala ake biya, dubbai masu yawa, sau da yawa kuma sai an fita waje. Wanda ya yi na 737 ba zai tuƙa Embraer da shi ba, balle Gulfstream. Na manyan jiragen alfarma ma ya fi tsada, domin simuletocinsu kaɗan ne a duniya.

Kano ta ga wannan da idonta. A zangon mulkinsa na biyu, tsakanin 2011 da 2015, Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso ya tura matasa 100 ƙasar Jodan koyon tuƙin jirgi. Sun dawo da lasisi. Bayan haka jaridu sun yi ta kawo labarin yadda da yawansu suka daɗe a zaune, saboda kamfanoni na neman mai taif-retin da tarin awanni, su kuma ba su da ko ɗaya. Ƙungiyar matuƙa da injiniyoyin jirage ta ƙasa, NAAPE, ta daɗe tana kuka a kan wannan, da kuma yadda ake ɗauko matuƙa daga waje alhali na gida na zaune. Duk wanda ya taɓa neman aikin rubuta manhaja ya ga an rubuta ana son sabon shiga mai gogewar shekara biyar, ya san irin wannan tarkon.

Lissafin awanni

Kowane matuƙi yana da littafin da yake rubuta duk tashin da ya yi: rana, jirgi, daga ina zuwa ina, awa nawa, da rana ko da dare. Wannan littafin shi ne jarinsa. Da shi ake ɗaukarsa aiki, da shi ake ƙara masa girma, kuma bambanci mafi girma tsakanin hanyoyin biyu a cikinsa yake.

Jirgin fasinja idan yana ƙasa asara yake jawowa, don haka kamfani ba ya barinsa ya huta. Daga Legas zuwa Abuja, daga Abuja zuwa Kano, a dawo, a sake. Matuƙi zai iya yin sauka huɗu a yini, har sai da doka ta sa masa iyaka. A Turai misali ba a wuce awa 100 cikin kwana 28, ko 900 a shekara. Jirgin alfarma kuwa sai mai shi ya tashi tafiya. Zai iya yin mako a rumfa an rufe masa baki da inji.

A ɗauki misali, lissafi ne kawai. Matashi ya fito da awa 200, saura masa 1,300 ya kai 1,500. Idan kamfanin fasinja na ba shi awa 800 a shekara, bai cika shekara biyu ba zai kai. Idan jirgin wani attajiri ne da ke tashi awa 200 a shekara, sai ya yi shekara shida da rabi. Abokinsa da suka fito tare ya fara hangen kujerar hagu, wato ta kyaftin, shi kuwa yana nan da hotuna masu kyau da littafi maras nauyi.

Mai son ya gani da kansa zai iya da waya. Ya zaɓi jirgin fasinja ɗaya mai rajistar Najeriya, wadda ke farawa da 5N, ya duba tarihin tafiyarsa na kwanakin baya a manhajar, ya ƙirga. Sannan ya nemi na alfarma ya gwada, idan ya samu. Sau da yawa ba zai samu ba, domin masu su na iya neman a ɓoye su. Jirgi yana karɓar inda yake daga GPS, ya riƙa watsa shi a fili a kan mita 1090 megahaz, tsarin da ake kira ADS-B, kuma duk mai ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi da eriya zai iya kamawa. Flightradar24 na mutunta buƙatar ɓoyewa, shafin ADS-B Exchange kuwa ba ya tace komai. A kan irin wannan bayanin ne Twitter ta rufe shafin wani ɗalibi da ke bin diddigin jirgin Elon Musk a Disambar 2022.

Akwai kuma wani mai faɗa a ji da ba a ganinsa a hoto, kamfanin inshora. Jirgin dala miliyan talatin ba a miƙa shi ga kowa. Inshora kan gindaya yawan awannin da kyaftin da mataimakinsa za su kasance da su. Shi kansa mai jirgin, da iyalinsa ke ciki, da tsohuwar zuma yake son yin magani. Kuma irin wannan aikin ba a cika tallarsa a jarida ba. Wani kyaftin ne zai ce ya san wane, ya zauna da shi a ɗakin tuƙi, hannunsa da kyau kuma bakinsa a rufe.

Direban tasha da direban gida

Wanda ya san bambancin direban motar haya a Kawo da direban gidan Alhaji ya fahimci rabin zancen. Na tasha yana da layi, ya san hanyarsa, idan ya sauke fasinja ya gama da su. Na gida motarsa ta fi kyau, aikinsa ya fi sauƙi a ido, amma lokacinsa ba nasa ba ne.

Matuƙin kamfani yana da jadawali da ake fitarwa tun kafin lokaci. Ya san ranar aikinsa da ranar hutunsa, zai iya cewa zai halarci ɗaurin auren ƙanwarsa ranar Asabar. Idan ya iso filin jirgi ya tarar an shirya masa kusan komai: jami'in tsara tafiya ya fitar da hanya da yanayi da lissafin mai, injiniya ya sa hannu, masu kaya sun loda. Shi nasa ya duba, ya amince ko ya ƙi, ya tuƙa. Ƙofar ɗakin tuƙi a kulle take, fasinja 140 da ke bayansa bai san sunan ko ɗaya ba. Abin da ke gundura shi ne maimaici: Abuja, Legas, Kano, Fatakwal, shekara da shekaru. Sai lokacin Hajji, ga masu tuƙa manyan jirage irin Boeing 747 na Max Air, a yi ta jigila zuwa Jidda da Madina.

Matuƙin alfarma wayarsa ce jadawalinsa. Za a iya kiransa da sha ɗayan dare a ce da asuba za a Yamai, a isa filin jirgi a ce an fasa, Akara za a. A ƙaramin wuri shi ne mai neman izinin ratsa sararin wata ƙasa, shi ne mai cinikin mai, mai tabbatar da an kawo abincin da Hajiya ke so, mai ɗaga akwati. Idan an sauka sai jira. Oga ya ce taron awa biyu ne, a kwana uku a otal. Lokacin zaɓe ko bikin manya aikin yakan yi yawa har a rasa barci. Wanda ya ga hotunan filin jirgin Malam Aminu Kano a Agustan 2021, lokacin auren Yusuf Buhari a Bichi, ya ga yadda jiragen alfarma suka yi cincirindo. Bayan nan kuma sai shiru.

Daɗinsa na gaske shi ne tuƙin kansa. Filaye iri-iri, ƙanana da manya, wasu ba a taɓa zuwa ba. Na'urori kuma sau da yawa sun fi na jiragen fasinjan cikin gida sabunta. Gulfstream G650 na iya kaiwa ƙafa 51,000, inda 737 ke tsayawa a 41,000, don haka yana bi ta saman yawancin hadari da cunkoso. Akwai kyamarar da ke gani da zafi tana nuna wa matuƙi titin sauka cikin duhu, akwai allon da ke zana duwatsu da ƙasa daga taswirar da ke cikin kwamfuta ko da waje ba a ganin komai, sababbin samfura kuma allon taɓawa ya maye gurbin maɓallai da yawa. Ga mai son na'ura, wannan ba ƙaramin abin jan hankali ba ne.

Wa zai ce ba za a tashi ba?

Wannan ita ce tambayar da ta fi albashi muhimmanci, kuma duk ɗan Kaduna ya san lokacin da take tasowa. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazo kan sauko har a kasa hango ƙarshen layi. Kowane filin jirgi yana da mafi ƙarancin nisan gani da aka yarda a sauka da shi, gwargwadon na'urorin da ke wurin. Idan hazo ya kai ƙasa da haka, magana ta ƙare.

A kamfanin fasinja, kyaftin ɗin da ya ce ba za a tashi ba yana da bango a bayansa. Littafin dokokin kamfani ya faɗa, jami'in tsara tafiya ya gani, ƙungiya na nan idan aka nemi cin zalinsa. Fasinjoji za su yi ta faɗa a zaure, amma da ma'aikatan kanta suke yi, ba da shi ba. A jirgin alfarma, wanda za a gaya wa haka shi ne mai biyan albashi, yana tsaye a gabanka da babbar riga, ana jiransa a wurin taro, kuma bai saba jin a'a ba. Matashi mai shekara 24 da aka rene shi a kan kada ya musa wa babba, wanda kuma ya san akwai matuƙa da yawa a zaune suna jiran kujerarsa, a nan ake gane ko ya isa.

Ba tatsuniya ba ce. Ranar 29 ga Maris 2001 wani jirgin shata samfurin Gulfstream III ya taso daga Los Anjeles zuwa Aspen, wani gari cikin duwatsu a Amurka. Fasinjojin sun makara, filin kuma yana da dokar hana irin wannan saukar bayan duhu ya yi. Wanda ya ɗauki shatar ya nuna ɓacin ransa da aka ce mai yiwuwa a karkata zuwa wani filin. Matuƙan suka ci gaba da gangarowa ƙasa da inda doka ta yarda ba tare da sun ga titin sosai ba, jirgin ya daki tudu, mutum 18 suka mutu. Hukumar binciken haɗurra ta Amurka ta lissafa matsin lambar da ke kan kyaftin cikin abubuwan da suka taimaka.

Kada kuma a ɗauka tsarin kamfani garkuwa ce da ba ta hujewa. Ranar 29 ga Oktoba 2006 jirgin ADC samfurin Boeing 737 ya tashi daga Abuja zuwa Sakkwato cikin mummunan yanayi, iska mai juyawa ta kama shi jim kaɗan bayan tashi, mutum 96 suka rasu, cikinsu har da Sarkin Musulmi Muhammadu Macciɗo, Allah ya jiƙansu. Rahoton bincike ya ambaci shawarar tashi cikin wannan yanayin. Duk inda mutum yake, hukuncin ƙarshe na kyaftin ne. Amma sabon matuƙi ya fi samun damar koyon faɗin a'a inda yake zaune kusa da kyaftin daban-daban, yana ganin yadda suke yi, ana kuma mayar da shi simuleta duk wata shida a gwada shi.

Takardun jirgin ma abin dubawa ne

Jiragen alfarma da yawa da ke zaune a Abuja da Legas ba su da 5N a jikinsu. Wani N ne na Amurka, wani T7 na San Marino, wani ZS na Afirka ta Kudu. Masu su na da dalilansu, na bashi, na inshora, na darajar jirgin idan za a sayar, har da na kuɗin fito, abin da ya sa hukumar kwastan ta gudanar da tantance jiragen a 2021 da 2024. Ga matuƙi, ma'anar wannan ita ce lasisin NCAA kaɗai ba lallai ya wadatar ba. Jirgi yana bin dokar ƙasar da aka yi masa rajista, don haka sau da yawa sai an nemi lasisin can ko amincewarsu, musamman idan za a tsallaka iyaka. Wani kuɗin ke nan, wata jarrabawar.

Sai batun shata ta bayan fage. Mai jirgi na ƙashin kansa izinin da yake da shi na ɗaukar kansa ne da iyalinsa da baƙinsa, ba na haya ba. Wanda zai yi haya sai ya mallaki takardar kamfanin sufuri, mai tsauraran sharuɗɗa kan gyara, horo da hutun matuƙa. Amma ajiye jirgi na cin kuɗi, sai wasu su riƙa ba da shi haya a ɓoye. A 2024 NCAA ta dakatar da izinin wasu masu jirage a kan haka, Ministan Sufurin Jiragen Sama Festus Keyamo kuma ya kafa kwamiti na musamman kan lamarin. Idan abu ya faru a irin wannan tafiyar, inshora na iya zamewa, kuma lasisin da ke kan gaba wajen tafiya na wanda ke riƙe da sitiyari ne.

Masu kallon ƙwallo sun san labari ɗaya. Ranar 21 ga Janairu 2019 Emiliano Sala ya hau ƙaramin jirgi Piper Malibu mai rajistar Amurka daga Nant ta Faransa zuwa Kadif, inda sabuwar ƙungiyarsa take. Jirgin ya faɗa teku. Bincike ya gano matuƙin lasisin PPL gare shi, ba shi da izinin ɗaukar fasinja don kuɗi, ba shi da shaidar tuƙin dare, tafiyar kuma da dare aka yi ta. A 2021 kotu ta ɗaure wanda ya shirya tafiyar wata 18. Sabon matuƙin da ke yunwar awanni shi ne ya fi sauƙin faɗawa irin wannan tayin.

Albashi, da wanda zai daɗe

Kyaftin ɗin babban jirgin alfarma zai iya samun abin da ya fi na takwaransa na kamfanin cikin gida, wasu da dala ake biyansu, ga alawus ɗin kwana a waje. Amma ciniki ne tsakanin mutum biyu, babu sikeli. Kuma aikin a rataye yake da mutum ɗaya. Ya sayar da jirgin, ya faɗi zaɓe, kasuwa ta juya masa baya ko ya rasu magada suka raba gado, aikin ya tafi, matuƙi ya rage da taif-retin na jirgin da ƙila babu irinsa biyar a ƙasar.

Kamfanonin fasinja na Najeriya su ma ba su da tsawon rai, kuma Kaduna shaida ce. Chanchangi Airlines, da Alhaji Ahmadu Chanchangi ya kafa a 1994, a garin nan hedikwatarsa take, ya yi zamaninsa ya wuce. Nigeria Airways ya rufe a 2003, IRS ya tsaya, Air Nigeria ya tsaya a 2012, a 2017 hukumar AMCON ta karɓe Arik saboda bashi. A 2020 korona ta rufe filayen jirage wata da watanni, aka sallami matuƙa da dama, a daidai lokacin da masu kuɗi a duniya suka ƙara karkata ga jiragen alfarma. Bambancin shi ne wanda kamfaninsa ya mutu yana fita da awanni dubbai a kan jirgin da kowa ke amfani da shi. Wani kamfanin na tasowa, kamar yadda Azman ya fara a 2014, Max Air ya shiga jigilar cikin gida a 2018, Rano Air ya fara a 2023. Mai awanni kuma zai iya buga ƙofar Qatar Airways ko Emirates. Daga fasinja zuwa alfarma hanya ce da mutane ke bi kullum. Dawowa daga can da littafi maras nauyi ya fi wuya.

Abin da waya za ta iya yi tun yanzu

Wasannin tuƙi irin Infinite Flight da X-Plane na waya, ko Microsoft Flight Simulator ga mai kwamfuta mai ƙarfi, suna koyar da karanta na'urori da fahimtar taswirar sauka. Ko awa dubu aka yi a kansu ba a rubuta minti ɗaya a littafi, kuma malaman tuƙi kan yi fama da wanda ya saba kallon allo maimakon taga. Abin da ya fi su amfani shi ne kunne. ICAO na buƙatar matuƙi ya kai mataki na 4 cikin 6 a Turancin sadarwa da hasumiya, kuma sauraron hirar matuƙa da hasumiya a LiveATC ko YouTube ba ya cin data sosai.

Kafin a sayar da fili ko a tara gudummawar dangi, abu biyu. A tabbatar makarantar na cikin waɗanda NCAA ta amince da su, daga ita hukumar kanta, domin tallar gurbin karatun tuƙi kyauta da ke yawo a WhatsApp ana neman kuɗin fom ta asusun wani mutum ba sabon abu ba ne. Sannan a fara zuwa gwajin lafiya mai daraja ta ɗaya wurin likitan da hukumar ta naɗa. Ana duba zuciya, hawan jini, ji da gani, ana kuma sabunta shi aƙalla sau ɗaya a shekara har ƙarshen aiki. Tabarau ba ya hana mutum, in dai yana gyara ganin. Abin da ke kayar da wasu ba zato shi ne rarrabe launi, musamman ja da kore, matsalar da ta fi yawa a maza kuma mutum zai iya girma bai san yana da ita ba. Hotunan gwajin Ishihara, masu ɗige-ɗige da lamba a ɓoye, suna nan a intanet. Allon waya ba ya maye gurbin likita, amma zai iya ba da alama. Wanda gwajin ya tsayar, a harabar Zariyar nan dai akwai sashen injiniyan jirage da na na'urorin sadarwa, akwai kuma kwas ɗin jami'in tsara tafiya, wanda ke zaune gaban kwamfuta yana lissafa wa kyaftin hanya da mai.